Ɗaukar Hoton Hasken da Ido Ba Ya Gani: Jagora ga Masu Sha'awa, Iyaye da Malaman Kimiyya

Hasken rana ba ya ƙarewa a inda idon ɗan Adam ya tsaya. Bakan gizo yana farawa da ja ya ƙare da shunayya, amma a bayan jan nan akwai wani haske, a bayan shunayyar ma akwai wani. Na bayan ja shi ne infirared, na bayan shunayya kuwa shi ne ultrabayolet, wanda aka fi sani da UV. Dukkansu suna sauka a tsakar gidanmu kullum, ganye yana mayar da su, fata tana shan su, ƙwari suna bin su, mu kuwa ba mu ganin komai. Kyamara ba ta da wannan iyaka tamu. Da wayar hannu, da rimot ɗin talabijin, da tocila guda, mutum zai iya fara ganin abin da ke ɓoye, kuma ya nuna wa yaro shi ƙuru-ƙuru.

Wannan jagora ta jera aikin daki-daki, daga abin da ba ya cin ko kwabo zuwa wanda ke buƙatar kayan aiki na musamman. Ƙa'ida ɗaya ce ta ratsa ta daga farko har ƙarshe: irin wannan hoto awo ne kafin ya zama ado. Duk hoton da ka ɗauka da haske ɓoyayye, ka ɗauki ɗan'uwansa da haske na yau da kullum, daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Ilimin yana cikin bambancin da ke tsakanin biyun.

Abin da ya kamata a fara sani

Haske yana tafiya ne a matsayin igiyoyi, kuma tsawon zangon igiyar shi ke bambanta launi da launi. Ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idonmu yana gani daga wajen nanomita 400, inda shunayya take, zuwa wajen 700, inda ja yake. Abin da ya gaza 400 UV ne, kuma kashi uku ne: UV-A daga 315 zuwa 400, UV-B daga 280 zuwa 315, sai UV-C daga 100 zuwa 280. Abin da ya haura 700 infirared ne. Sensar kyamarar dijital, wadda aka yi da silikon, tana jin haske har zuwa wajen nanomita 1,100. Saboda haka ne masu ƙera kyamara suke sa wani ɗan gilashi a gaban sensar don ya tare wannan haske, kada ya ɓata launin hoto. Da yawa daga dabarun da za mu tattauna hanyoyi ne na kewaye wannan ɗan gilashi ko cire shi.

William Herschel, masanin taurari haifaffen Jamus da ya zauna a Ingila, shi ya gano infirared a 1800. Ya raba hasken rana da firizim, ya riƙa auna zafin kowane launi, sai ya tarar ma'aunin da ya ajiye a bayan ja, inda ba a ganin komai, ya fi sauran hawa. A 1801 Johann Ritter a Jamus ya duba ɗaya gefen, ya ga sinadarin azurfa da ya shimfiɗa ya fi saurin baƙi a bayan shunayya. Robert Wood, masanin kimiyya a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, shi ya wallafa hotunan infirared na farko a 1910, kuma har yau da sunansa ake kiran farin da ganye ke yi a irin waɗannan hotuna.

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa, kuma raba su tun farko yana hana ɓarnar kuɗi. Na ɗaya, hoton infirared na kusa, wanda ke ɗaukar hasken rana ko na fitila da abu ya mayar. Na biyu, hoton zafin jiki, irin na na'urorin da aka riƙa gani a filayen jirgin sama lokacin annobar korona. Wannan yana aiki ne a zangon nanomita 8,000 zuwa 14,000, kuma kyamarar gida ba za ta taɓa yin sa ba ko da wace filta aka sa mata. Irin wannan zafi ne mesa ke ji da ƙananan ramukan da ke leɓenta idan tana farauta cikin duhu. Na uku, hoton UV, shi ma kashi biyu: akwai ɗaukar UV ɗin kansa, akwai kuma ɗaukar ƙyallin da abu ke yi idan UV ya sauka a kansa.

Lafiya kafin komai

Rigakafi ya fi magani, musamman da yake ana maganar idon yara. Hatsarin haske ɓoyayye shi ne ido ba ya ƙiftawa don kare kansa daga abin da bai gani ba.

Kada kowa ya kalli rana ta cikin filtar infirared ko ta UV. Filtar baƙa ce wuluk, ƙwayar ido za ta buɗe sosai a bayanta, alhali haske mai ƙona ido yana wucewa. Haka kuma kada a kalli rana ta mahangar kyamara.

Kada a sayi fitilar kashe ƙwayoyin cuta, wadda ke ba da UV-C a nanomita 254, da sunan wasa ko darasi. Tana ƙona fata da ido cikin ɗan lokaci. Abin da ake buƙata tocilar UV-A ce kawai, mai rubutun 365 ko 395 a jikinta.

Ko tocilar UV-A ɗin ma babba ne zai riƙe ta. A haska ta ƙasa, kan abin da ake dubawa, ba a fuska ba. Duk wanda ke wurin ya sa tabarau na kariya irin na roba mai tare UV, kuma kada zaman ya yi tsawo. Yaro zabiya, ko mai ciwon ido, yana buƙatar ƙarin kulawa: riga mai dogon hannu, hula, da inuwa a duk darasin da za a yi cikin rana.

Akwai kuma amana. Wasu yadudduka marasa kauri ba sa tare infirared yadda suke tare haske na gani. Don haka kada a ɗauki hoton kowa ba da izininsa ba, kuma hoton yara ba ya fita waje sai da yardar iyayensu. Itatuwa, gine-gine da kayan gida sun isa aiki.

Mataki na farko: rimot da waya

Ɗauki rimot ɗin talabijin ko na dikoda. Buɗe kyamarar waya, ka fuskantar da bakin rimot ɗin gare ta, ka danna kowane maɓalli. A fuskar wayar za ka ga ɗan ƙwan da ke bakin rimot yana walƙiya da launin fari-fari mai sirkin shunayya, alhali idonka bai ga komai ba. Wannan hasken yana wajen nanomita 940. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, juya zuwa ta gaba, domin a wayoyi da yawa gilashin tarewar da ke cikinta bai kai na baya ƙarfi ba.

Kada a tsaya a mamaki. A mayar da shi gwaji. A jera abubuwa a kan tabarma: takarda, gilashin shayi, ruwa a kofi, baƙin lemon kwalba, tabarau mai duhu, cokali, mayafi, madubi. Kafin a gwada kowanne, yara su faɗi hasashensu: hasken zai wuce ko ba zai wuce ba? A rubuta. Sannan a sa abin tsakanin rimot da waya. Baƙin lemo da tabarau masu duhu da yawa suna barin hasken ya wuce, madubi kuma yana karkatar da shi, har a iya kunna talabijin daga bayan ƙofa. Yaro ɗan aji huɗu zai fita daga wannan zama da fahimtar cewa abin da ya yi wa ido duhu ba lallai ya yi wa kowane haske duhu ba.

Wannan gwaji yana da wani amfani ga mai shirin sayen filta. Kyamarar da ta nuna hasken rimot da ƙarfi za ta yi aikin infirared ba tare da wahala ba. Wadda ta nuna shi dishi-dishi za ta buƙaci dogon lokacin ɗauka.

Mataki na biyu: ƙyalli a ɗaki mai duhu

Nan ne yara suka fi jin daɗi, kuma kowace kyamara tana iya aikin ba tare da an taɓa ta ba. Wasu abubuwa idan UV ya sauka a kansu sukan shanye shi, su mayar da shi a matsayin haske mai launi da ido ke gani. George Stokes ne ya yi bayanin wannan a 1852, kuma ruwan kwinin yana cikin abubuwan da ya yi nazari da su.

Tocila mai 395 ta fi araha, amma tana zubo hasken shunayya mai yawa da ke rufe ƙyallin. Mai 365, musamman wadda aka sa wa baƙin gilashi a baki, ita ce ta aiki. Sai a nemi ɗaki da za a iya rufe tagoginsa ruf, ko a bari sai bayan isha'i.

Abubuwan gwaji suna nan a gida da kasuwa. Lemon tonik yana ba da shuɗi mai haske saboda kwinin da ke cikinsa. Garin sabulun wanki da farar riga da aka wanke da shi suna yin shuɗi-shuɗi, domin ana zuba masa sinadarin da ke sa fari ya ƙara fita a rana. Man basilin yana ƙyalli, alƙalamin nan mai launin ɗorawa da ɗalibai ke shafa wa rubutu yana ƙyalli, kurkur da aka jiƙa a sifirit yana ba da ɗorawa mai sirkin kore. Takardun kuɗi suna da alamomin tsaro da ba sa fita sai a ƙarƙashin wannan haske, shi ya sa ake ganin irin fitilar a banki da wurin 'yan canji. Likitocin fata ma suna da tasu, mai sunan Wood, da suke duba wasu nau'o'in makero da ita. Kunama kuwa gaba ɗayan jikinta ke yin kore mai sirkin shuɗi, har ana hango ta daga nesa a gindin katanga. Wannan kallo na manya ne, da takalmi a ƙafa, ba a kai hannu.

Gwajin da ya fi kowanne koyarwa shi ne na ganye. A sami alayyahu ko zogale ɗanye cikin tafin hannu, a daka a turmi, a zuba sifirit cokali huɗu ko biyar, a bari na minti goma, a tace da tsumma mai tsabta cikin ƙaramin gilashi. A hasken ɗaki ruwan kore ne shar. A kashe fitila a haska tocilar daga gefe, sai ya koma ja kamar garwashi. Sinadarin kulorofil ne, wanda ganye ke kama hasken rana da shi. A cikin ganye mai rai yawancin ƙarfin da ya kama yana tafiya wajen haɗa abinci, amma da aka raba shi da ganyen sai ya riƙa zubar da wani ɓangare a matsayin jan haske. Sifirit yana kama wuta, saboda haka a nisanta shi da kyandir da murhu.

Wajen ɗaukar hoton, a kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, ko a jingina waya da littattafai. A saita gani tun fitila na kunne, sannan a kulle shi. A kashe filasha. A fara da ISO 400, ƙofar haske f/8, lokacin ɗauka daƙiƙa 10 zuwa 30, a riƙa yawo da tocilar a kan abin a hankali don haske ya game ko'ina. Mai waya ya yi amfani da tsarin ɗaukar dare tare da agogon jinkiri, don kada hannu ya girgiza ta. A bayan abin a sa allo mai baƙin fenti, ba yadin da aka wanke da garin sabulu ba. A kuma share ƙura da zaren tufafi, domin kowane ɗan zare zai fito a hoto yana ƙyalli.

Mataki na uku: infirared a fili

Abin da ake buƙata filta ce mai tare haske na gani ta bar infirared. Wadda aka fi farawa da ita mai lamba 720 ce, irin Hoya R72 da makamantanta. Mai 590 tana barin launi da yawa ya shigo, mai 850 kuma baƙi da fari zalla take bayarwa. A duba faɗin bakin lensi, an rubuta shi da milimita a jikinsa ko a murfinsa, a sayi filta daidai da shi.

Lokacin da masu hoto suka saba gudu, wato tsakar rana, shi ne lokacin wannan aiki. A nemi wuri mai abu uku: ganye, sarari da gini ko ruwa. Damina ta fi dacewa, lokacin da dogon yaro da mangwaro suka cika da ganye, sama ta wanke, gizagizai suka taru. Ganye zai fito fari fat, domin tsarin ƙwayoyin cikinsa yana watsa infirared ya mayar da kusan rabinsa. Shuɗin sama zai koma baƙi, domin iska ta fi watsa gajeren zango fiye da dogo. Ruwa ma baƙi yake fita, saboda yana shanye wannan haske. Infirared yana ratsa siririn hazo ya fito da duwatsun nesa, amma ba ya huda ƙurar hunturu mai kauri, don ƙwayoyinta manya ne.

Ga tsarin aikin. Kafa kyamara a kan sandarta. Tsara hoton ka saita gani ba tare da filta ba, ka ɗauki hoton kwatanci. Ɗaura filtar a hankali kada lensi ya motsa. Koma tsarin hannu, ka sa ISO 400 da f/8, ka fara da daƙiƙa 10, ka duba, ka ƙara ko ka rage. Idan kyamarar tana da mahangar ido, rufe ta da baƙin tef, don haske yana iya satar hanya ta nan.

Matsaloli uku ne ke jiran sabon shiga. Na farko, hoton zai fito ja jawur. Maganinsa a daidaita fari da hannu: a cika fuskar kyamara da ciyawa ko ganyen da rana ke duka, filta na ɗaure, a ce wa kyamara wannan shi ne fari. Na biyu, rashin kaifi, domin infirared ba ya haɗuwa a daidai inda haske na gani ke haɗuwa bayan lensi. Tsofaffin lensuna suna da ɗan jan ɗigo da ke nuna inda za a karkatar da zoben. Idan babu, a saita ta fuskar kyamara tare da faɗaɗa hoton. Na uku, wani farin da'ira a tsakiyar hoto, wanda wasu lensuna ke haifarwa. Yana tsananta idan aka matse ƙofar haske zuwa f/16, yana raguwa a f/5.6. Idan ya ƙi, sai a sauya lensi.

A ɗauka a tsarin RAW idan kyamara na da shi. Manhajojin darktable, RawTherapee da GIMP kyauta ne, kuma sun isa. Mafi sauƙi a mayar da hoton baƙi da fari a ƙara bambancin haske da duhu. Mai son launi sai ya musanya tashar ja da ta shuɗi, sama ta koma shuɗiya, ganye ya zauna fari. A gaya wa yara gaskiya cewa wannan launi na aro ne, mu muka zaɓa, domin infirared ba shi da launi.

Kyamarar da aka yi wa gyara

Idan aka cire ɗan gilashin da ke gaban sensa, kyamara za ta ɗauki infirared da sauri kamar hoto na yau da kullum, har a riƙe ta a hannu, har a yi bidiyo. Ga makaranta, hanya mafi araha ita ce tsohuwar kyamarar kwamfuta mai igiyar USB. A warware lensinta, za a ga wani ɗan gilashi mai sheƙin ja a bayansa, a ɓamɓare shi da tsinin allura, a mayar da lensin, a manna guntun filta a gaba. Baƙin ƙarshen tsohon fim ɗin hoto mai launi da aka wanke yana iya tsayawa a madadin filta idan aka ninka shi biyu. Akwai kuma kyamarar Raspberry Pi mai suna NoIR, wadda ake sayarwa ba tare da gilashin tarewa ba, kuma kyamarorin tsaro masu ganin dare irin wannan aiki suke yi da fitilunsu na nanomita 850.

Babbar kyamara ko mai filasha a jiki, kada a buɗe ta a gida. Akwai ma'ajiyar lantarki a cikinta da ke riƙe kimanin bolt 300 ko bayan an cire batir. A kai wa mai gyaran da ya san aikin, kuma a sani cewa gyaran ba ya komawa baya cikin sauƙi.

Da irin wannan kyamara a gwada abubuwa biyu na kusa da mu. A yi rubutu da tawadar allo, wadda aka haɗa da gawayi da ƙaro, a gefe kuma a yi da biro iri-iri. A infirared tawadar gawayi tana nan baƙa ƙirin, yawancin tawadar biro kuwa sai ta dushe ko ta ɓace. Idan aka rufe rubutun fensir da tawadar biro har ya ɓuya, kyamara za ta karanta shi. Da wannan dabara masu adana tsofaffin rubuce-rubuce ke gane irin tawadar da aka yi amfani da ita, kuma da ita aka ɗauki hotunan tsofaffin takardun fata na Tekun Gishiri a shekarun 1950, aka karanta rubutun da fatarsa ta yi baƙi. Sannan a kawo yadin da aka rina da baba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano. Duk duhunsa a ido, haske yake fita a infirared.

Ɗaukar UV ɗin kansa

Wannan shi ne mafi wuya da tsada, kuma ba da shi ake farawa ba. Ana buƙatar kyamarar da aka yi wa gyara, da lensi mai barin UV ya wuce, da filta mai tare duk wani haske in ba UV ba. Lensunan zamani masu gilasai da yawa da rufi iri-iri suna shanye UV, tsofaffi masu sauƙin gini sun fi su. Babban tarko shi ne yoyon infirared. Baƙin gilashi mai arha, irin ZWB, yana barin UV ya wuce amma yana barin infirared ma, sensa kuma ta fi jin na biyun nesa ba kusa ba. Sai mutum ya ɗauka hoton UV ya yi alhali infirared ne. Dole a haɗa shi da gilashi mai tare infirared, irin S8612 ko BG39, ko a sayi filta ɗaya da ta haɗa aikin, irin Baader U. Gwajin gaskiya mai sauƙi ne: a shafa man kariya daga rana a kan farar takarda. Idan wurin ya fito baƙi, UV ake ɗauka. Idan ganye ya fito fari, yoyo ne.

Ladan wahalar yana cikin furanni. Da yawa daga masu launin ɗorawa, irin furen nan mai bin rana da danginsa, launi ɗaya suke a idonmu, amma a UV tsakiyarsu baƙa ce, gefensu haske, alama ce da ke jagorantar ƙudan zuma zuwa inda ruwan zuma yake. Ƙudan zuma yana ganin UV, ja kuwa ba ya ganinsa sosai. Karl von Frisch, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin gani da sadarwar ƙudan zuma, ya sami kyautar Nobel a 1973.

Darussa uku ba tare da kyamara mai tsada ba

Na farko, maimaita gwajin Herschel. A sami firizim na gilashi, kwali, farar takarda da ma'aunin zafi uku. A baƙanta kan kowane ma'auni da baƙin fenti. A kafa firizim a bakin kwalin har launuka su shimfiɗu a ƙasansa. A fara ajiye ma'aunan a inuwa a rubuta abin da suka nuna. Sannan a sa ɗaya a shuɗi, ɗaya a ɗorawa, ɗaya a bayan ja kaɗan. A riƙa karantawa kowane minti har minti goma, ana gyara kwalin yayin da rana ke tafiya.

Na biyu, hoto ba kyamara. A jiƙa kurkur cokali ɗaya a sifirit cokali biyar, a tace, a shafe takarda a inuwa, a bari ta bushe. A ɗora ganye ko mabuɗi, a danne da gilashi, a shanya a rana na sa'a biyu zuwa huɗu. Inda rana ta duka zai kuɗe, inda ganye ya rufe zai zauna ɗorawa. A zuba ruwan kanwa a kai, siffar ganyen ta koma ja mai duhu. Kurkur yana kuɗewa da shuɗin haske da UV duka. Mai son gwada UV musamman sai ya nemi takardar sayanotaif, dabarar da John Herschel, ɗan William, ya ƙirƙiro a 1842, wadda Anna Atkins ta fara buga littafin hotunan tsirran teku da ita a 1843. Minti 5 zuwa 15 a rana sun isa, sai a ɗauraye da ruwa. A rufe sassan takardar da gilashi, da ledar da aka shafa wa man kariya daga rana, da mayafi, da hula, a ga wanne ya fi tarewa.

Na uku, lafiyar shuka. A shuka wake a tukwane biyu, a ci gaba da ba ɗaya ruwa, a yanke wa ɗaya. Kullum a lokaci ɗaya a ɗauke su da haske na gani da kuma infirared, a rubuta ranar da kowane hoto ya fara nuna bambanci. Ganye mai lafiya yana shan ja ya mayar da infirared, kuma daga wannan bambanci aka gina ma'aunin da ake kira NDVI: a cire ja daga infirared, a raba da jimlarsu. Taurarin ɗan Adam na Landsat suna tara irin wannan bayani tun 1972, NigeriaSat-1 da aka harba a 2003 ya yi aikinsa da kyamara mai ganin kore, ja da infirared, kuma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana amfani da irin waɗannan hotuna wajen bin yanayin damina da makiyaya a yankin Sahel. Yaron da ya yi gwajin wake ya riga ya fahimci tushen wannan aiki.

Yadda ake tafiyar da zaman

Kowane yaro ya riƙe littafi mai layi huɗu: abin da aka gwada, abin da na zata, abin da na gani, dalilin da nake tsammani. Hasashen da bai ci ba kada a goge shi, domin daga nan tambaya ke tasowa. A sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji. A raba aiki, wannan ya riƙe agogo, wannan ya karanta ma'auni, wannan ya danna kyamara, mata da maza kowa da nasa. Malam ya daure ya jinkirta ba da amsa har sai sun yi gardama a tsakaninsu. A bayan kowane hoto a rubuta rana, lokaci, irin filta da tsawon ɗauka, a manna shi kusa da ɗan'uwansa na kwatanci a bangon aji.

Ga mai farawa, tsarin kashe kuɗi shi ne wannan: rimot da waya a makon farko, tocilar 365 da tabarau na kariya bayan haka, sannan firizim da ma'aunan zafi, sannan filta mai 720 ko tsohuwar kyamarar kwamfuta. Kayan UV na ƙwararru su jira sai hannu ya faɗa. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji tana iya yin kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin wannan jagora da kayan da za su shiga jaka ɗaya, kuma ƙungiyar iyaye da malamai tana iya haɗa kuɗinsu a zama guda. Gani ya kori ji, kuma yaranmu sun daɗe suna haddace kimiyya daga allo. A ba su rimot, tocila da littafin rubutu a wannan zangon karatu, su auna da hannunsu.